Silaida mai zamewa da kanta a akori-kura mai gajeren bodi, abinda na gani cikin shekara biyu

Tun kwanaki ake ta tambayata wai wannan katon karfen da na daura a bayan mota, wato silaida mai zamewa da kanta, farantin hada tirela da ke ja da baya in an sha kwana don kar tirela ta daki gilashin baya, yana aiki kuwa ko dai kudi kawai na zubar, to yau dai na zauna zan fadi abinda na gani, kuma ganau ne ni ba jiyau ba, don sai da na fasa gilashin bayan motata da kaina kafin na yarda na saye shi. Sunan kamfanin da ya kera nawa ba zan kama ba tunda akwai abubuwan da zan kushe, kuma gaskiya yawancinsu halin irin na'urar ne gaba daya.

Ga wanda bai san harkar ba, tirelar gida, wato mai dakin kwana a ciki da ake ja da mota, da ake kira fif-wil, wacce ta fi yawa a Amurka da Kanada, ba a bamba ake makala ta ba. Hancinta hawowa yake saman bodin akori-kura, a karkashin hancin akwai kimfin, wani guntun karfe mai kaurin inci 2, shi ke shiga cikin farantin da aka kafe a tsakiyar bodi daidai saman aksul din baya, sak yadda kan babbar mota ke daukar tirelarsa. Shi yasa take da dadin ja a hanya, bata rawa kamar ta bamba ko da iska ko wata katuwar mota ta wuce ka. Matsalar daya ce, an tsara abin ne da mota mai bodi kafa 8, mu kuma masu kafa 6 da rabi ko 5 da rabi sai muka shigo daga baya muna so a yi damu.

Lissafin ba wani mai wuya bane, tef din awo kawai yake bukata, ni dai ban yi ba a lokacin. Fadin tirela inci 96 ne, wasu ma 102. Raba biyu, 48 ko 51. In ka lankwasa mota da tirela suka yi kamar harafin L, to rabin fadin nan ne zai juyo ya fuskanci kan mota, kenan dole daga kimfin zuwa bayan kai a samu fiye da inci 48 din. Mai bodi kafa 8 yana da wajen inci 56 daga kai zuwa aksul, shi ba ruwansa. Ni da na auna tawa, mai kafa 6 da 'yan kai, ajin su F-250 da Ram 2500, inci 38 na samu daga tsakiyar faranti zuwa gilashi. Ka ga saura inci 10 kenan da babu inda zasu shiga sai cikin gilashi. Wanda ya sayar mun da tirelar ce mun yayi ai sababbin nan an sossoke musu kusurwar gaba kuma wuyan kimfin din dogo ne, ba abinda zai faru. Rabin gaskiya ya fada. Sokakkiyar kusurwa da dogon wuya suna kara maka fili a karamar kwana, amma in kwanar ta kai digiri 90 tsawon wuya baya hana komai, gefen tirela ne ke zuwa, kuma rabin fadi rabin fadi ne.

Da farko silaidar hannu nake amfani da ita, wacce zaka tsaya, ka mike mota da tirela sambal, ka sauko, ka zare hannun makulli, ka koma ka rike birkin tirela ka dan ja gaba sai farantin ya zame baya ya kulle, kayi ribas dinka, in ka gama ka sake maimaita komai don ya dawo saman aksul, saboda ba a hawa babban titi da shi a baya, nauyi na komawa bayan aksul sitiyari yayi sakayau. Tana aiki fa, ba zan ci amanarta ba. Amma sai ka tuna. Kuma sai ka san tun kafin ka shiga kwanar cewa zata yi tsanani, don in ka riga ka lankwasa ba zata zame ba, cijewa take.

Ranar da abin ya faru mun isa wurin yada zango da yamma lis, na yi awa kusan takwas ina tuki, ga wasu motoci biyu sun tsaya a bayana suna jira in shige gurbina su wuce. Na duba gurbin nace wannan ai ba sai na sauko ba, shiga daya zan yi. Uwargida na tsaye a baya tana mun nuni da hannu, ni kuma idona na kan madubin hagu ina kallon wani kututture kar tayar tirela ta hau shi, sam ban waiga na dubi kusurwar da ke bayan keyata ba. Kasan wurin kuma ba a shafe yake ba, tayar motar ta baya ta dan fada wani kwari sai tirelar ta sunkuyo. Naji tana cewa "Maigida tsaya! Tsaya mana!" kafin kafata ta kai birki sai ji nayi fau, kamar an harba bindiga a cikin mota. Gilashin nan irin mai rugurgujewa ne, ya zubo kamar tsakuwa, kujerar baya, cikin kwalar rigata, har cikin kofin shayin da ke tsakiyar kujeru. Allah ya takaita yara basa ciki. Ginshikin kai na gefen dama ya lotsa kamar fadin tafin hannu, kuma shi ya fi gilashin cin kudi wajen gyara. Ta zagayo ta leko ta taga ta kalle ni kawai tace "sannu", wallahi da fada tayi da ya fi mun sauki. Har yau in na sa injin shara a karkashin kujera sai naji kwayar gilashi ta shige kararas.

Wannan ne ya kai ni ga silaida mai zamewa da kanta. Yadda take aiki abin sha'awa ne, ba wuta ba batir ba komai, karfe ne zalla. Ana daura wani faifan karfe a jikin wuyan tirela kusa da kimfin, shi ke hana kimfin juyawa a cikin faranti, sai ya zama duk inda tirela ta juya kan farantin ma dole ya juya tare da ita. A karkashi kuma akwai wata taya karama da ke bin wata lankwasasshiyar hanya, wasu kamfanonin kuma giya mai hakora suke sawa, to wannan juyawar ita ke tura farantin gaba daya baya a kan dogayen karafa biyu. Kana kara kwana yana kara ja da baya, kana mikewa yana dawowa saman aksul da kansa, gaba kake ko ribas duk daya. Nawa inci 14 yake tafiya. 38 a tara da 14 ya zama 52, tirelata rabinta 48, saura inci 4 tsakaninta da gilashi a cikakkiyar kwana. Ka lura fa, da tirelata mai inci 102 ce da inci 1 kacal zai rage, wanda ni ba zan kira shi fili ba, kasa ta dan karkace shikenan. Masu bodi kafa 5 da rabi su nasu daban ne, sun rasa wajen inci 12 a kan nawa, sai sun nemi mai tafiya inci 22 ko sama. PullRite na yin SuperGlide mai irin wannan doguwar tafiyar, Demco ma na da tasu mai zamewa da kanta. Kar mutum ya sayi mai inci 14 ya daura a kafa 5 da rabi yace ai silaida silaida ce.

Ranar da aka daura na tafi wani fili babba da ba kowa, na sa uwargida ta tsaya a gefe, na murda sitiyari har karshe ina tafiya kamar hawainiya, ina kallo ta sabon gilashin. Kusurwar nan ta taho, gabana na faduwa don jiki magayi, ta taho har ina iya karanta rubutun da ke jikin sitika, sai naga farantin na sulalewa baya shiru, kusurwar ta zo ta wuce ta gaban gilashi kamar kofar da aka bude. Na sauko na sa tafin hannuna a tsakani ya shiga. Daga ranar zuwa yau ban sake saukowa don zare wani makulli ba, gidan mai mai matsatsi, juyawa a karshen layin da ba ya bullewa, ribas cikin dare ana ruwa, duk ba na tunanin gilashi. Ni a wurina abinda na biya kudi na saya kenan, inci 14 din ai ta hannun ma ta kusa bani, amma ita tana jiran in tuna ne, ni kuma na riga na gwada kaina na ga bayan awa takwas a sitiyari ba abin dogaro bane.

To yanzu bari in zo kan abinda ba a fada maka a shago.

Nauyi. Abin nan ya haura fam 200, wajen kilo 90 da wani abu, kuma duk daga cikin lodin da motarka zata iya dauka ake cirewa. Anan ne mutane da yawa ke rudar kansu, su kalli adadin da aka ce motar na iya ja su ce ai tana jan fam dubu goma sha kaza. Ja daban dauka daban. Fif-wil tana dora kashi 15 zuwa 25 cikin dari na nauyinta a kan kimfin, a ce kashi 20, tirela mai fam 10,000 ta aza maka fam 2,000 a bodi tun kafin kai ka shiga. Bude kofar direba ka duba sitika mai ruwan dorawa a jikin ginshiki, nan aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya na wannan motar taka ita kadai, ba na talla ba. Cire nauyin kimfin, cire silaida, cire kanka da iyali da janareta da duk tarkacen da ke bodi, ka ga me ya rage. Kananan akori-kura masu kafa 5 da rabi da yawansu lodinsu gaba daya bai wuce fam 2,000 ba, ga shi kuma su ne suka fi bukatar babbar silaida mai nauyi, abin ya zama gaba kura baya siyaki. Ko a manyan ma injin dizal na cinye wani kaso na lodin saboda shi kansa nauyi ne da shi. Ni sai da na hau sikelin manyan motoci da tirela cike da ruwa da kaya, na ga aksul din baya ya kusa iyakarsa, dole na kwashe akwatin kayan aiki na mayar cikin tirela can baya.

Sai cire shi daga bodi. In kana so ka yi amfani da motar ka dauko katako ko firiji, to ka nemi mutum. Karon farko yayana na kira, muka rarrabe shi biyu, kai daban gindi daban, duk da haka da muka sauke gindin ya dafe kugu yace "kai kane, wannan ai ba faranti ka saya ba, injin nika ka saya, gaba in zaka cire kar ka kira ni." Yanzu kaca da kwarkwaro na rataya a rufin gareji nake daga shi da ita, kuma gaskiya sau biyu kawai nake cirewa a shekara, sauran lokacin haka nake yawo da shi yana shan mai a banza.

Abinda ya fi bata mun rai shine hadawa da kwancewa. Tunda faifan nan sai ya shiga gurbinsa daidai, dole mota da tirela su zama kusan a mike, kaucewa kadan kawai yake yarda da ita, kamar digiri 10. Akwai ranar da na shiga wani gurbi a karkace da kyar, na samu tirela ta zauna daidai inda nake so, na zo kwancewa hannun ya ki zaruwa, na ja na ja kamar zan balle kafada, ashe motar ce bata mike ba. Sai da na sake fitowa na sake shiga sau uku don in kare a mike, mutane na zaune a kujerunsu suna kallon fim kyauta. Da silaidar hannu ko faranti na kullum zaka iya kwancewa ko a wace kusurwa. Wannan kam koma baya ne, kuma ba a saba masa, sai dai ka koyi tsara shigarka tun daga nesa.

Faifan kuma yana da wata matsalar, muddin yana jikin tirela wata mota mai faranti na kullum ba zata ja ta ba, don kimfin ba zai juya ba, wani abu ne zai lankwashe ko ya balle. In motarka ta lalace a hanya aka zo daukar tirela, ko ka kai ta gyara zasu matsar da ita, sai an cire shi tukuna. Nawa noti ne ke rike da shi, na ajiye sifanar da ta dace a aljihun kofa, na kuma rubuta gargadi da fenti a jikin wuyan. Wannan faifan roban da ake sawa a kimfin maimakon giris shima baya shiga tare da shi, sai na koma shafa giris, rigunana biyu sun tafi a haka.

Kulawa ba yawa amma bata son a manta. Karafan da yake zamewa a kai in kura ta taru zaka fara jin kara gurrr da wani dan fizga a kwana, sai ka goge ka fesa mai mara kauri kamar yadda littafinsa ya ce, kar ka lafta giris mai kauri a nan don yashi yake tarawa. Noti kuma a rika dubawa, musamman bayan tafiyar farko. Sannan bayan faranti ba wurin ajiya bane, hanyarsa ce, na taba manta kular ruwa a nan, kwana daya na sha naji kwaras, ya matse ta da kofar bodi ta zama kamar faranti ita ma. Ribas dinsa ma sai ka sake koyo kadan, tunda wurin juyawar na komawa bayan aksul tirelar na amsa sitiyari da sauri fiye da da, satin farko ina ta wuce gona da iri.

Wani abu da silaida ko wace iri bata magani, tsakanin saman bangon bodi da kasan hancin tirela a samu akalla inci 6. Sababbin motoci dogaye ne, in filin ya gaza haka kana hawa wani tudu a karkace tirela zata zauna a kan bangon ta lotsa shi, gilashi lafiya bodi ya tafi. Kuma don kana iya kaiwa digiri 90 ba shine ka mayar da shi abin yi ba, sauko ka kalli tayoyin tirela a irin wannan kwanar, aksul biyu ne, daya tayar ta lankwashe ciki daya waje suna gurzar kasa a gicciye kamar zasu fita daga rim, ba dadin gani. Ni inda hali nake raba kwanar biyu.

Da zan sake saye yau zan tsaya in dubi wasu hanyoyin kafin in yanke. Akwai Sidewinder na Reese, shi wuyan tirelar ake canzawa gaba daya, wurin juyawa ya koma inci 22 baya, sai ka zauna da karamin faranti mara nauyi a bodi, sai dai ka tambayi wanda ya kera tirelarka ko firem dinta ya yarda da shi saboda garanti. Akwai kuma Andersen, na alminiyom mai siffar dala wanda bai kai fam 40 ba, mutum daya ke dauka da hannu, kwallo yake amfani da shi maimakon baki mai cizo, yana dan matsar da tirela baya da wasu inci amma baya zamewa, kenan har yanzu idonka ne zai tsare gilashi, a wasu wuraren kuma doka na neman a sa masa sarkar tsaro tunda kwallo ne. Mai kafa 6 da rabi da tirela sokakkiyar kusurwa, wanda kuma ya san shi mai natsuwa ne, wannan zai iya isarsa. Wanda kuma bai sayi mota ba tukuna kuma ya san ja zai rika yi sosai, ya sayi kafa 8 kawai ya huta da duk wannan surutun nawa, wahalar fakin ce kawai zai sha.

Ni dai nawa yana nan daram ba zan cire ba, in za a bani maki biyar hudu zan bashi, dayan na rike saboda kafadata da bayan yayana. Abinda har yanzu nake yi da hannu duk safiyar tashi shine gwajin ja, in hada, in leka da tocila in ga bakin ya rufe kimfin, in sa fil din makulli, in daga kafafun tirela kamar inci daya daga kasa, in rike birkinta in dan ja gaba in ji ta rike, sannan in nade kafafun gaba daya in makala wayar birkin gaggawa. Kofar bodi kuma uwargida ce ke rufewa, tun ranar gilashi ta karbe wannan aikin bata sake bar mun ba.